Zaƙi, tsami ko gishiri: wane girkin fulam ya dace da abin da ke hannunka?

Duk wanda ya taɓa sayen fakitin busasshen fulam, ko aka ba shi kwandon ɗanye, ya san tambayar da ke biyo baya: me za a dafa da shi? Fulam dai ɗan itace ne mai ƙwallo ɗaya a tsakiya, ɗan'uwan ceri da afirkot da almon, kuma bishiyarsa ta fi yin albarka a ƙasashen da sanyin hunturu ke sauka sosai. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen nomansa, amma mutanen Maroko, Iran, Jojiya, Faransa, Folan, Romaniya da Japan duk sun daɗe da shigar da shi cikin abincinsu na gado, kowa da tasa hanyar. Abin da ke rikita mai girki shi ne suna ɗaya ya haɗa 'ya'yan itatuwan da halinsu a cikin tukunya ya sha bamban, ta yadda wanda ya ɗauko girkin wata ƙasa ya yi shi da fulam ɗin wata ƙasar zai iya ƙarewa da abincin da masu shi ba za su shaida shi ba. Saboda haka kafin a zaɓi girki, sai an fara sanin wane iri ne ke hannu.

Akwai fulam ɗin Turai, mai ɗan tsawo kamar ƙwai, mai fata shuɗiya mai duhu da tsoka rawaya, wanda ƙwallonsa ke fita ba wahala. Sukarinsa na da yawa, ruwansa kaɗan ne, shi ya sa ake iya busar da shi da ƙwallonsa a ciki ba tare da ya yi tsami ya lalace ba. Daga gare shi ake samun baƙin busasshen fulam mai taushi da danƙo, wanda a kan fakiti ake rubuta masa prune. Wanda ya fi suna shi ne na Ajan da ke kudu maso yammacin Faransa, da ake yi da irin da ake kira Ente, wanda Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya a 2002. Sai an busar da wajen kilo 3 na ɗanye kafin a sami kilo 1. Rassan wannan irin ne 'yan'uwan nan Faransawa Louis da Pierre Pellier suka kai Kalifoniya a shekarun 1850, kuma jikokin waɗancan bishiyoyi ne ke cika fakitocin Amurka a yau. Akwai kuma zagayayyen fulam ja ko baƙi mai ruwa-ruwa da aka fi gani a manyan kantuna, wanda ake kira na Japan alhali asalinsa daga Sin ne. Wannan na ci ne ɗanye, idan ya ji wuta narkewa yake yi. Sai ƙananan fulam masu tsami na yankin Kokashiya da Iran da Turkiyya, sannan ume na Gabashin Asiya, wanda a haƙiƙa ya fi kusa da afirkot.

Mafi yawan masu wannan tambaya baƙin busasshen ne ke hannunsu, don shi ne ke tafiya ko'ina cikin duniya ba tare da ya lalace ba, kuma a nan ne zaɓi mafi nauyi yake: tajin na Maroko ko khoresh na Iran. Dukansu nama ne da aka dafa a hankali da busasshen fulam, amma abin da kowannensu ke nema daga fulam ɗin daban ne.

Tajin ɗin nama da barƙuƙ, wato sunan fulam da Larabci, abincin biki ne a Maroko, kuma a wajen ɗaurin aure yakan zo ne bayan an ɗauke farantin kaza da zaitun. Ana dafa naman rago ko na sa da albasa mai yawa, citta, za'afaran, kurkum, masoro da sandar kirfa, a wuta ƙasa-ƙasa na tsawon sa'o'i biyu ko fiye, har naman ya soma rabuwa da ƙashi. Sirrinsa, wanda masu gaggawa ke tsallakewa, shi ne ba a jefa fulam cikin tukunyar nama tun farko. Ana ɗibar ludayi ɗaya ko biyu na romon a zuba a ƙaramar tukunya, a sa fulam ɗin da zuma ko sukari da garin kirfa, a bar shi ya kumbura ya yi sheƙi, ruwan ya yi kauri kamar zuma. Sai an zo zubawa ake jera shi a kan naman, a yayyafa soyayyen almon da gasasshen riɗi. Amfanin raba su shi ne romon nama ya tsira da gishirinsa da ƙamshin cittarsa, zaƙin kuma ya tsaya a jikin fulam, ta yadda mai ci ne zai haɗa su a lomarsa gwargwadon yadda yake so. Da burodi ake cinsa, ana dangwalar romon, kuma ba a yi masa ruwa da yawa.

Maƙwabtansu na Aljeriya sun ƙara gaba da laham lahlu, ma'ana nama mai zaƙi, wanda ake yawan yi a watan Ramadan. A cikinsa akwai busasshen fulam, busasshen afirkot, zabibi, sukari mai yawa da ruwan furen lemu, gishiri kuwa kaɗan ne ko babu, naman ma ba shi da yawa. Ana cinsa kaɗan ne a gefen sauran abinci. Wanda bai saba da haɗa nama da sukari ba, ban ba shi shawarar ya fara daga nan ba.

A Iran, alu shi ne fulam, kuma wanda suka fi so a miya shi ne alu Bukhara, mai launin zinare ko ja-ja, wanda ya ɗauki sunan birnin Bukhara na Uzbekistan. Yana da tsami mai daɗi wanda baƙin na Faransa ba shi da shi. Khoresh alu esfenaj miya ce ta nama da ganyen sifinaj, wato alayyafon Turawa: a soya albasa da kurkum, a zuba nama ya nuna, a soya ganyen daban har ruwansa ya tsane, sannan a haɗa su, a sa fulam ɗin a rabin sa'ar ƙarshe, a daidaita ɗanɗano da ruwan lemun tsami da ɗan sukari idan tsamin ya yi yawa. A nan fulam yana cikin miyar ne tsundum, yana sakin ɗanɗanonsa a cikinta, yana kuma rage nauyin kitsen nama. A arewacin ƙasar, wajen tekun Kasfiyan, akwai alu mosamma da ake yi da kaza ko agwagwa. Dukansu da farar shinkafa ake cinsu, don haka ana barin miyar da ruwa-ruwa yadda za ta jiƙa shinkafar.

Idan aka ɗora su a kan ma'auni, ga abin da nake gani. Baƙin busasshen fulam mai zaƙi kamar don tajin aka yi shi. Ba ya bukatar gyara, kuma kyan farantin a gaban baƙi ba ya misaltuwa, baƙin fulam mai sheƙi a kan nama, farin almon da riɗi a samansa. Amma abinci ne mai nauyi, zaƙinsa na iya ginsar mutum kafin ya ƙoshi, almon da za'afaran kuma ba kaya ne masu arha ba a ko'ina. Khoresh ya fi sauƙi a ciki, akwai ganye a cikinsa, ana iya cinsa yau a ɗumama shi gobe, kuma kwanan da ya yi ƙara masa daɗi yake yi. Rauninsa biyu ne. Na farko, launinsa kore ne mai duhu, ba ya ɗaukar ido. Na biyu, idan da baƙin fulam za a yi shi a maimakon alu Bukhara, dole a cire sukari gaba ɗaya a ninka lemun tsami, in ba haka ba miyar za ta fito da zaƙin da bai dace da ganye ba. Ni dai idan baƙi za a tara kuma akwai lokaci, tajin zan zaɓa. Idan kuwa abincin iyali ne na tsakiyar mako, khoresh ya fi cancanta, kuma shi na fi ba wanda yake shakkar zaƙi a cikin nama shawarar ya fara gwadawa, domin tsamin ne ke jan ragama, zaƙin yana biye.

Wanda kuma fulam ɗinsa ɗanye ne mai tsami, wanda ya gatsa ya ji haƙora sun mutu, kada ya yi saurin zubar da shi ko ya binne shi cikin sukari. Mutanen Jojiya irinsa suke nema. Tkemali sunan ƙaramin fulam ɗinsu ne, kuma sunan miyar dangwale da suke yi da shi, wadda kusan ba a rasa ta a teburinsu. Ana tafasa 'ya'yan da ruwa kaɗan har su fashe, a tace a fitar da ƙwallo da fata, a mayar wuta da tafarnuwa, koriyanda, barkono, gishiri da wani ganye ɗan'uwan na'a-na'a da suke kira ombalo. Lokacin da 'ya'yan ba su nuna ba, koriyar miya ake samu mai tsananin tsami. Idan suka nuna sai ta fito ja, mai ɗan laushin ɗanɗano. Ana cin ta da gasasshen nama, kaza, kifi da soyayyen dankalin turawa. Cikin dukkan girke-girken nan babu wanda ya kai ta sauƙi da saurin biyan wahala: ba ta kai sa'a ɗaya ba, ba ta bukatar nama, kuma kwalba ɗaya na iya gyara abinci iri-iri. Ko zagayayyen fulam ɗin kanti, idan aka same shi da ɗan tauri bai gama nuna ba, yana yin tkemali mai kyau, a ƙara masa lemun tsami, a sa na'a-na'a kaɗan a madadin ombalo. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi ta da baƙin busasshe, don babu tsamin da za a gina ta a kai. Jojiyawa suna kuma shanya tacaccen fulam a rana ya zama shimfiɗa kamar fata, su kira shi tklapi, su riƙa yagowa suna sa wa miyar naman da suke kira kharcho. Iraniyawa na da irinsa da suke kira lawashak. A Iran da Turkiyya da Lebanon ma ana cin koren fulam ɗanye da gishiri tun bai nuna ba, kuma ana ɗokin fitowarsa kowace shekara.

Idan abin da ke hannu ɗanyen fulam ɗin Turai ne da ya nuna, kuma yana da yawa, sai a dubi tsakiya da gabashin Turai, inda yake nuna daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ya yi yawan da sai an nemi dabarar ajiye shi. Dabarar ita ce fowidla a Folan da Cek, ko majun a Romaniya. Ana cire ƙwallo, a zuba a babbar tukunya, a dafa a wuta ƙasa-ƙasa ana juyawa sa'o'i masu yawa, wasu ma sukan raba aikin kwana biyu ko uku, har ya koma baƙi-ƙirin mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Bambancinsa da jam shi ne a bisa asali ba a sa masa sukari ko kaɗan. Sukarin ɗan itacen ne ke taruwa yayin da ruwa ke ƙonewa, shi ne kuma ke hana shi lalacewa. Majun na garin Topoloveni shi ne abinci na farko daga Romaniya da ya sami kariyar suna a Tarayyar Turai, a 2011. Aiki ne mai cin lokaci da makamashi, kuma idan aka yi sakaci ƙasan tukunya ya kama, ƙaurin zai bi dukkan tukunyar. Ga mai kilo 1 ko 2 bai cancanci wahalar ba, domin abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Ga mai kilo 10 kuwa babu abin da ya fi shi.

Mai ɗan kaɗan ya fi masa ya yi dunƙulen fulam irin na Cek, Austriya da Hangari. Ana kwaɓa dafaffen dankalin turawa da fulawa da ƙwai, a naɗe fulam guda sukutum a ciki, sau da yawa bayan an cire ƙwallon an sa curin sukari a gurbinsa, a tafasa a ruwa, sannan a mirgina shi cikin garin burodi da aka soya da man shanu. A waɗannan ƙasashe ana iya cinsa a matsayin abincin rana cikakke. A kudancin Jamus kuma ana jera yankakken fulam a kan shimfiɗaɗɗen ƙullun yis a gasa, kek ɗin da birnin Augsburg ke alfahari da cewa nasa ne. Dukansu biyun sun dogara ne ga ƙarancin ruwan fulam ɗin Turai. Wanda ya gwada da zagayayyen mai ruwa zai ga dunƙulen ya fashe a tukunya, kek ɗin kuma ya jiƙe ya yi caɓal.

Ga mai son kayan zaƙi da busasshe, far na yankin Biritani a Faransa ya fi komai sauƙi: fulawa, ƙwai, madara, sukari da man shanu, a dama ruwa-ruwa, a zuba a kan fulam ɗin da aka jiƙa, a gasa. A Finlan ana cusa dafaffen fulam a tsakiyar fanke mai siffar tauraro lokacin Kirsimeti, a Sikotlan kuma ana jefa 'yan ƙwayoyi cikin romon kaza da albasa mai dogon ganye. Abin lura a nan: shahararren kek ɗin Kirsimeti na Ingila da ke ɗauke da sunan fulam ba shi da fulam a ciki, zabibi ne, domin a tsohon Turanci kalmar ta haɗa har da busasshen inabi.

Gabashin Asiya wata duniya ce daban, kuma shawarata a kanta gajeriya ce: a saya, kada a wahalar da kai. Umeboshi na Japan ana yinsa ne da ume da ake tsinkowa a watan Yuni, lokacin ruwan saman da su kansu suke kira ruwan ume. Ana jera shi da gishirin da a al'adance ke kai kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa, a danne da abu mai nauyi har ya fitar da ruwa, a sa jan ganyen shiso don launi, sannan a shanya shi wajen kwana uku a zafin ranar ƙarshen Yuli. Lardin Wakayama ne ke samar da fiye da rabin ume na Japan. Ƙwaya ɗaya ta isa kwanon shinkafa, saboda tsami da gishirinsa masu tsanani ne. A Sin kuma ana kyafe ume ya yi baƙi, a dafa shi da sukari da wasu itatuwa a yi suanmeitang, abin sha mai sanyi na lokacin zafi da Beijin ta yi suna da shi, sannan mutanen Kanton da ke kudancin Sin suna cin gasasshen naman tsuntsun dinya da miyar fulam mai zaƙi da tsami. Babu ɗayan waɗannan da za a iya kwaikwaya da baƙin busasshen fulam, kuma kuskure ne babba a jefa umeboshi cikin tajin ko khoresh da tunanin ai duk fulam ne.

Akwai abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba ga wanda ba ya shan barasa ko cin naman alade. Fulam na da tsohuwar alaƙa da giya a Turai: a Sabiya mafi yawan amfanin gonar na tafiya ne ga barasar shilibobitsa, wadda UNESCO ta sa al'adar yinta cikin jerin kayan gado a 2022. Faransawa sukan jiƙa busasshen fulam cikin barasar armanyak ko ta ram kafin su yi far, chakapuli na Jojiya, wato naman rago da koren tkemali da ganyen taragon, da farar giya ake dafa shi, bigos na Folan, wato dahuwar kabeji da nama, da gasasshen naman Kirsimeti na Denmak kuma sukan zo da alade. A far, baƙin shayi mai ɗumi yana yin aikin jiƙon daidai, har ya bar ƙamshi mai daɗi. Tajin, laham lahlu, khoresh, tkemali da fowidla kuwa tun asali ba su da wannan matsala, kuma wannan ma dalili ne da ya sa na fi karkata gare su.

Lafiya ma tana da ta cewa a zaɓin. Giram 100 na busasshen fulam na ɗauke da kalori wajen 240 da zaren abinci wajen giram 7, ga kuma wani nau'in sukari da ake kira sobitol, wanda ke jawo ruwa zuwa cikin hanji. Wannan ne ya sa aka san shi da sassauta bayan gida ga mai fama da cushewar ciki, kuma shi ne ke sa wanda ya zarce ya kwana da kumburi ko gudawa. Ƙwaya huɗu ko biyar ga mutum ɗaya sun wadatar a faranti. Mai ciwon sukari ya nisanci laham lahlu, ya rage zumar tajin, khoresh da tkemali sun fi masa. Mai hawan jini kuma ya yi hattara da umeboshi. Ba a fasa ƙwallon don cin abin da ke cikinsa, domin yana da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa gubar sayanayid, kuma saboda wannan dalili ne ba a cin koren ume ɗanye.

Batun ƙwallo ya shafi saye ma. Wanda aka cire wa ƙwallo ya fi sauƙin ci kuma ya dace da far da kek, amma yana saurin narkewa idan ya daɗe a wuta, shi ya sa masu tajin da yawa suka fi son mai ƙwallo, don ya riƙe siffarsa ya kumbura ya yi kyau a kan nama. Idan fulam ɗin ya bushe ƙayau, a jiƙa shi a ruwan ɗumi na rabin sa'a, kuma kada a zubar da ruwan jiƙon, a zuba shi a tukunya. Idan mai taushi ne irin na fakiti, ba ya bukatar jiƙo. Alu Bukhara kusan kullum da ƙwallonsa yake zuwa, kuma haka ake jefa shi cikin khoresh da biriyanin Sindh na Pakistan, inda yake ɓuya cikin shinkafa ya ɗauki launinta. Duk wanda ya dafa ɗaya daga cikin waɗannan biyun, ya sanar da masu ci kafin su kai loma ta farko, ya kuma cire wa yara ƙwallon da hannunsa.